Ƙarfen dunduniyar takalmi da ka tono a Kakuri, na wane zamani ne?

Tambayar da wani ƙanenmu ya turo min a taƙaice ita ce: ana haƙa fandishan a wani fili can gefen Kakuri a garin Kaduna kusa da layin dogo, shi kuma dama yana da ɗan injin nan na neman ƙarfe da yake yawo dashi ranakun Asabar, sai ya bi ƙasar da aka tara ya samu ƙarafa uku. Biyu masu siffar takalmin doki, ɗaya faɗinsa santimita 7, ɗayan wajen 11 da rabi, na ukun kuma ɗan ƙarami kamar jinjirin wata mai 'yan haƙora uku a bayansa. A wurin dai ya tsinci kwabo mai huji da kwanson harsashi guda ɗaya. Ya shiga intanet ya ga Turawan Amurka suna nuna ƙarafan dunduniya suna cewa na 1860 da wani abu ne, shine yake tambaya ko nashi ma sun kai haka, kuma ta yaya ake gane shekarunsu.

Toh ƙanena sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka sa rula a gefe kafin ka ɗauki hoton, yawancin masu turo min kaya sai dai su ɗora abu a tafin hannu su ɗauka da daddare su ce wai in faɗa musu shekararsa. Bari in fara gaya maka inda na san abin nan don kar ka ce daga ina. Mahaifina Allah ya jiƙansa shumeka ne, shekara da shekaru rumfarsa tana bakin bariki, ni na taso ina miƙa masa ƙusa ina riƙe masa ƙafar ƙarfen nan da ake kifa takalmi a kai, irin wannan ƙarfen na ɓamɓare shi daga but ɗin soja ya fi a ƙirga tun ban san wai wata rana za a kira shi kayan tarihi ba, mu a lokacin a gwangwanin madara muke tara su mu sayar wa 'yan gwangwan. Sai da na girma na faɗa harkar tara tsofaffin kaya sannan na koma ina cizon yatsa.

Amsar kai tsaye: babu ko ɗaya a cikin ukun da ya kai 1860. Babban ma ba na mutum bane sam, na doki ne. Ƙaramin mai haƙora na takalmin gayu ne kuma zai iya zama na shekaranjiya. Na tsakiyan mai santimita 7 shine abin magana, kuma in ka matsa min in yi kintace zan ce tsakanin 1940 da wani abu zuwa 1960 da wani abu, amma bari kaji dalili don gobe in ka sake tono wani ka iya da kanka.

Mu sallami dokin tukuna. Dunduniyar takalmin babban namiji ba ta cika wuce santimita 6 zuwa 8 a faɗi ba, ko samanjan da ya fi kowa ƙafa ba zai kai 11 da rabi ba. Sannan dubi hujojin ƙusa na jikin babban, dogaye ne masu kusurwa huɗu saboda ƙusar kofato ba zagayayya bace, kuma a hoton ina ganin ɗan harshe da ya tashi sama a tsakiyar lanƙwasar, wannan shi ke kama gaban kofato don kar ƙarfen ya zame baya, ƙarfen takalmin mutum ba shi da wannan. Kuma ba abin mamaki bane a samu a Kaduna, gari ne na folo da sukuwa tun zamanin Turawa, filin Murtala ɗin nan ai filin sukuwa ne a da, a nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956. Dawakan sarakunanmu na da ba a saba buga musu ƙarfe a kofato ba, saboda haka shi ma dokin naka ɗan zamanin bariki ne ko bayansa.

Yanzu na tsakiyan. Siffar U mai zurfi, kauri kamar rabin santimita, da ɗan kwari a fuska ɗaya inda kawunan ƙusoshi suke nutsewa don kar su riga ƙarfen cinyewa. Wannan shine ƙarfen dunduniyar but ɗin sojan Ingila na fata zalla, baƙi mai tsayawa a idon sawu, wanda ƙasansa fata ce mai kauri aka jera mata ƙusoshi masu ƙaton kai, aka sa ƙarfe a dunduniya aka sa wani a gaban yatsu. Na gaban yatsun ya fi faɗi kuma bai kai wannan zurfin lanƙwasa ba, ya fi shi sirantaka, in ka samu shi nan gaba kar ka ruɗe. Matsalar ita ce Turawan sun fara amfani da irin wannan but ɗin tun cikin ƙarni na 19 kuma suka ci gaba dashi har bayan yaƙin duniya na biyu ba tare da siffar ƙarfen ta sauya wani abin kirki ba, abu ne da ya yi aiki sai aka ƙyale shi yadda yake. Kaga kenan in ka ɗauki ƙarfen shi kaɗai ka ce ya faɗa maka shekararsa, tazarar da zai baka ta kusa shekara 100, wanda duk ya kalli hoto kawai ya yanke maka shekara guda wallahi burga yake maka. Wurin da aka same shi da abokan kwanciyarsa a cikin ƙasa su ke rage tazarar.

Kuma wurin naka Kaduna ne, wannan kaɗai ya yanke rabin lissafin. Takalmanmu na gargajiya da dukawa suke yi shimfiɗaɗɗu ne, fata kan fata, babu tudun dunduniyar da za a buga wa ƙarfe, kuma kafin zuwan Turawa inda garin yake yanzu ƙauyukan Gbagyi ne da daji da kogi. Zariya ta shiga hannun Turawa a 1902, Kano da Sakkwato a 1903, layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa nan ya isa Kano a 1911, hedikwatar Arewa kuma ba ta baro Zungeru ta dawo Kaduna ba sai 1917. Toh wa zai yar da ƙarfen but a Kakuri a 1860? Ko da an ƙera shi kafin nan, ƙafar da za ta kawo shi ba ta iso ba tukuna. Da a Lakwaja ka tono shi ko Jebba ko Zungeru da na ɗan sassauta, don can Turawa sun riga zama.

Ga kuma abin da yawancin matasa basu sani ba, kuma shi yasa nake karkata zuwa bayan 1940. Rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda ake ce wa WAFF, daga 1928 ta koma RWAFF, sojojinta baƙar fata yawancinsu ƙafa a ƙasa suke fareti. Jar dara a kai, jar 'yar shara, ɗamara, gajeren wando na kaki, a naɗe ƙwauri da ƙyalle, amma ƙafa babu komai, je ka duba tsofaffin hotuna ka kalli ƙasa zaka gani da idonka. But na hafsoshi ne da sajan-sajan Turawa, su kuma nawa suke gaba ɗaya a gari? Sai da yaƙin Hitila ya zo aka ɗebi samari dubbai aka kai su gabashin Afirka, daga baya aka kai su Boma cikin runduna ta 81 da ta 82, sannan but ya zama kayan kowane kurtu. Shaidar wancan zamanin tana nan a bakinmu kullum bamu lura ba, barikin Kalapanzin da ke nan Kakuri kusa da kai da barikin Dalet da ke Kawo duk sunayen wurare ne a Boma, barikin Mogadishu kuma daga yaƙin gabashin Afirka aka samo ta. Toh ka yi lissafi da kanka, ƙafafu ƙalilan masu but kafin 1940, ƙafafu dubbai bayan nan, kowane but kuma ana sauya masa ƙarfe sau da yawa kafin ya mutu saboda fareti a kan tsakuwa yana cin ƙarfe kamar me. In ka tsinci guda ɗaya a ƙasa, daga wane tari ya fi yiwuwa ya fito? Ban ce ba zai iya zama na wani Bature ɗan reluwe na 1920 ba, zai iya, amma ba nan zan sa kuɗina ba.

Ta ɗaya gefen kuma roba ce ta kashe shi. Dunduniyar roba an yi mata rajista a Amurka tun 1899, amma soja sun daɗe basu karɓa ba, sai wajen 1958 sojan Ingila suka fara komawa but mai ƙasan roba da ake narkawa a manne da fatar kai tsaye, mu ma a hankali muka bi, lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da aka ɗebi soja ba adadi takalma iri-iri suka shigo daga ko'ina har da na kambas. Sai dai kar ka ɗauka ranar da aka daina bayarwa ranar aka daina sawa. Mazan jiya sun dawo gida da but ɗinsu, wani ya yi gadi dashi shekara 15, wani ya bar wa ɗansa yana zuwa aiki masaƙa dashi, kuma kar ka manta masaƙar farko a Kakuri a 1957 ta fara aiki, ga 'yan loko ga leburorin reluwe ga 'yan doka duk masu son takalmi mai nauyi ne. Ga gwanjo, but ɗin da aka ɗinka a Ingila 1945 zai iya sauka Kasuwar Barci bayan shekara 30. Har yau ɗin nan ma masu koyar da fareti suna sa wa takalminsu ƙarfe don ƙarar. Shi yasa kullum nake raba tambaya biyu, yaushe aka ƙera, da yaushe aka yar, ba abu ɗaya bane.

Waɗancan na Amurka da ka gani kuwa wani abu ne daban. Na tagulla ne, falle ne da ke rufe dunduniyar, an huda tsakiyarsa da siffar zuciya ko tauraro ko ganye, ana samunsu a sansanonin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 da kufan gidajen wancan ƙarnin. Har wani labari suke yaɗawa wai masu zuciyar na matan banza ne don sawunsu ya nuna wa maza hanya, hira ce ta masu tono kawai, a ƙafar maza ma an same su. Nasu tarihin daidai ne a ƙasarsu, amma kar ka ɗauko shekarun Bajiniya ta Amurka ka ɗora wa Kakuri.

Toh shi ƙarfen kansa ba ya magana ne sam? Yana yi, ƙasa-ƙasa. Fara da maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ya isa. In ya kama da ƙarfi akwai sauran lafiyayyen ƙarfe a ciki, in kamun ya yi sanyi tsatsa ta cinye shi saura ɓawo, ka bi shi a hankali kar ya ruguje maka a hannu. In bai kama ba sam kuma yana da tsanwa-tsanwa tagulla ce, in fari ne mara nauyi almeniyon ne, shi kuma almeniyon bai yi arha ba sai bayan 1886 kuma a takalmi na baya-bayan nan ne sosai. Sannan ka kalli yadda tsatsar ta ci shi. Tsohon ƙarfen ƙira na Turawa in ya ruɓe sai kaga yana da zare-zare a tsaye kamar busasshen itace ko rake da aka tsotse, saboda dattin narki da ke miƙe a cikinsa. Ƙarfen zamani wanda ya mamaye kasuwa daga wajen 1890 shi rami-rami yake yi kamar zanen ƙyanda ko ya riƙa ɓarewa falle-falle. Naka a hoton rami-rami nake gani. Akwai kuma na zubi, shi zaka ga ɗan layi siriri a gefensa inda bakin mazubi ya haɗu.

Akwai kashi na huɗu da littafin Bature ba zai gaya maka ba, wato ƙirar gida. In na kanti ya yanke ko ya yi tsada, babana maƙera yake aike ni da tsohon a hannu in ce a yi masa dozin irinsa. Su kuma da abin da suka samu suke yi, ɗamarar ganga, guntun sifirin mota, daga baya rodin gini. Ana gane su, hannu ɗaya na U ɗin ya ɗan fi ɗaya tsawo, hujojin ba su yi layi ba kuma ta gefe ɗaya aka huda su da zafi har bakin hujin ya turo ta baya, ga sawun guduma. Na taɓa riƙe wani da har yanzu ana ganin gargadar rodi a gefen da guduma bata taɓa ba, kaga wannan ko ba a faɗa ba ka san ba na zamanin Lugga bane. Mutane suna ganin abu ya karkace sai su ce ai wannan aikin hannu ne dole ya tsufa, alhali a garin da ke da kasuwar maƙera ta Panteka aikin hannu ba shaidar tsufa bane, yau ma in ka je da samfur kafin la'asar an buga maka.

Ka duba guntayen ƙusar da suka maƙale a hujin, ka ce akwai biyu. In jikinsu zagayayye ne sumul ƙusar waya ce, wadda ta kori sauran daga wajen 1890. In mai kusurwa huɗu ce tana iya zama tsohuwa, amma a nan kar ka yi saurin murna, masu takalmi sun ci gaba da amfani da yankakkiyar ƙusa mai kusurwa tun bayan kafintoci sun daina, don ta fi riƙe fata, ni kaina na buga ta. In kuma sukuru ka gani to kalli kansa, mai tsaga ɗaya zai iya zama kowane lokaci, mai tsagar kuros kuwa bai shigo duniya ba sai bayan 1930, a nan wajenmu ma sai can baya. Sukuru mai kuros ɗaya tak ya isa ya rushe maka duk wani mafarkin tsufa.

Wani lokaci akwai lamba a fuskar da ke manne da fata, don ita ba ta gogar ƙasa. Yawanci lambar girma ce ba shekara ba, kar kaga 12 ka ce 1912. Na Jamus sukan buga lamba tare da L ko R na hagu da dama. Kayan gwamnatin Ingila kuma suna da tambarin kibiya mai ƙafa uku kamar sawun kaza, an fi ganinta a fatar takalmin da sauran kayan soja, amma duk abin da ka tono a wurin ka duba masa ita. Yadda ake karantawa: ka shiga ɗaki ka kashe wuta, ka kwantar da tocilan wayarka a gefe hasken ya shafi fuskar ƙarfen a kwance, sai ka riƙa juya shi a hankali, rubutun da baka gani da rana zai taso da inuwarsa. Ni na koyi wannan ne bayan na yi ɓarna. Shekarun baya na samu wani mai kyau da alamar haruffa a jikinsa, gaggawa ta sa na bi shawarar wani mai cajin batir na tsoma shi a ruwan batir na kwana ɗaya, da safe na tarar da ƙarfe fari tas kamar sabo, haruffan kuma sun tafi tare da tsatsar don ashe a cikin ɓawon tsatsar suke zaune. Har yau in na tuna sai inji wani iri.

Abin da na fi so a ƙarafan nan shine cin da suka yi. Fuskar da ke da kwarin ƙusa ita ke kallon ƙasa. Kifa shi a tebur haka, bakin U ɗin yana kallon gaba, lanƙwasar tana wajenka kamar kana tsaye a bayan mai takalmin. Yawancin mutane da gefen waje na dunduniya suke fara taka ƙasa, saboda haka in ɓangaren dama na lanƙwasar ya fi sirancewa ƙafar dama ce, in hagu hagu. Babana kafin ya taɓa takalmi sai ya juya shi ya shafa ƙarfen da babban yatsa ya ce wannan mai jan ƙafa ne, wannan gwame ne, wannan kuma ɗan fareti ne dubi yadda ya daki tsakiya. Wata rana wani kofur ya kawo nashi, tsoho ya duba ya ce masa kofur ƙafarka ta hagu tana ciwo ne, mutumin ya yi shiru sannan ya ce tun wata uku, ashe ƙarfen daman ya kusa rabewa biyu na hagun kuma kamar ba a taka shi ba. Naka ya cinye har ya kai bakin huji na tsakiya, ma'ana ba faɗuwa ya yi a hanya ba, cire shi aka yi aka sa sabo. In haka ne akwai yiwuwar wurin da kake tono jujin mai gyaran takalmi ne ko bayan wani gidan ma'aikata, ka sa ido zaka iya samun 'yan'uwansa da yawa a wuri ɗaya tare da ƙusoshi masu ƙaton kai. Fatar kam kar ka nema, gara ta gama da ita tun tuni.

Ɗan ƙaramin mai haƙora ba zan daɗe a kansa ba. Shi ake bugawa a gefen dunduniyar takalmi sau-ciki inda ya fi ci, haƙoran su ne ƙusarsa, guduma biyu ya zauna. Kamfanin Blakey's na garin Lids a Ingila ya yi suna da su fiye da shekara 100, in ka goge ƙila kaga sunan ko lamba, kuma an yi ta kwaikwayonsu. Samarin zamaninmu har roƙo suke a sa musu don a ji ƙwas ƙwas ɗinsu tun daga zaure, malaman makaranta da akawuna kuma don takalmin Bata ya kai su shekara. Daga zamanin Turawa har 1980 da wani abu duk zai iya zama.

Yanzu ga waɗanda ka ambata a ƙarshen saƙonka kamar ba komai ba, alhali su ne manyan shaidu. Kwabon nan mai huji yana ɗauke da shekararsa a rubuce. An fara buga irinsa a 1907, da tauraro mai tsini shida a gefe ɗaya da sunan sarkin Ingila a ɗayan, har da rubutun Larabci. In Joji na biyar ne tsakanin 1911 da 1936 kenan, in Joji na shida ne daga nan zuwa 1952, akwai ma na Edwad na takwas na 1936 wanda bai cika shekara a sarauta ba amma aka buga wa Afirka ta Yamma kuɗi da sunansa. In fari ne kafin 1952 ne, in ja ne na tagulla daga 1952 zuwa sama, in kuma an rubuta Tarayyar Najeriya da Turanci to na 1959 ne ko bayanta. Amma ka riƙe wannan da kyau: kwabo yana gaya maka cewa ba a yar dashi kafin shekararsa ba, ba ya gaya maka yaushe aka yar. Kuɗin nan sun yi ta yawo a hannu har aka canza zuwa naira da kwabo a 1973, bayan nan ma an yi wasa da su an rataya wa yara an yi wosha da su a rufin kwano. Kwabon da rubutunsa ya shafe sumul ya daɗe a aljihu kafin ya faɗi, wanda ke da kaifi bai daɗe ba.

Kwanson harsashin ya ma fi kwabon amfani, don shi ba a ajiyarsa. Kalli gindinsa. In yana da baki da ya fito waje kamar faifai ya fi jikin faɗi, na bindigar .303 ne ta zamanin Turawa, kuma a zagaye da gindin an buga haruffan masana'anta da shekara, wani lokaci cikakkiya wani lokaci lamba biyu kamar 43, in kaga VII samfurin da aka fara a 1910 ne ba shekara ba. In gindin daidai yake da jikin sai ɗan kwari a zagaye, na bindigogin baya ne na 7.62, kuma ka tuna masana'antar makaman soja tana nan Kakuri tun 1964. Dan Allah a nan ka ji ni da kyau, fanko kawai ake ɗauka. Duk abin da ke da kansa a jiki, ko wani dunƙulallen ƙarfe mai nauyi da baka gane ba, kar ka ƙwanƙwasa kar ka kankare kar ka kai gida, ka bar shi inda yake ka sanar da hukuma, tsufa ba ya kashe albarushi. Kuma kar injinka ya ja ka jikin katangar bariki ko cikin filin reluwe, ka san halin da ake ciki, kafin ka gama bayanin kai mai son tarihi ne ka sha tsallen kwaɗo.

Sai dai akwai rauni ɗaya a shaidun naka, a tarin ƙasar da lebura ya watso ka same su, ba a kwance inda suke ba. Shebur ya riga ya gauraya sama da ƙasa, kwabon zai iya fitowa daga ƙafa uku ƙarfen kuma daga taƙi ɗaya. Sannan a Kaduna ana yawan ciko da ƙasar tifa daga wani wuri, abin da ka samu a Kakuri ƙila daga Rigasa aka kwaso shi bara. In ba a zuba kankare ba tukuna ka koma ka nemi izinin mai filin ka leƙa bangon ramin, zaka ga ƙasar hawa-hawa, ciko a sama, sai wani baƙin layi mai toka da gawayi da fasassun kwalabe da guntun tasa, sai jar ƙasa ta asali a ƙasa wadda ba a taɓa ba. Baƙin layin nan shine tsohon doron ƙasa ko juji. Ka bi shi da injin, duk abin da ya fito daga cikinsa ka auna zurfinsa ka ɗauki hoto kafin ka zare, ka sa a leda daban da 'yar takarda. In leda ko murfin roba suna cikin layin kansa ka san ba wani tsufa, in kuma babu roba ko ɗaya sai kwalba da ƙarfe da kwano mai fenti to ka koma baya sosai.

Wajen wankewa kar ka kai shi giranda, kar binega, kar ruwan batir ka dai ji nawa. Busasshen burushin haƙori da tsinken tsire sun isa ka cire ƙasa, sannan ka jiƙa shi a ruwa mai tsabta kana sauyawa kullum na kamar sati biyu don gishirin ƙasa ya fita, ka shanya shi ya bushe ƙarau, in lokacin hunturu ne ma ka huta, sai ka ɗan ɗumama shi ka shafe da kakin zuma ko na kyandir. Ka ajiye da 'yar jakar ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, in ba haka ba damina ɗaya zaka ga yana zufa ja yana ɓarewa. Kwabon da kwanson ruwa da sabulu kawai, kar ka goge su da Brasso.

Maganar kuɗi tunda na san tana ranka ko baka faɗa ba, babu. Ko a Ingila ƙarfen dunduniya ba ya wani tsada don an yi su miliyoyi, ɗan jari-bola ma sai ya haɗa da wasu kafin ya ɗora a sikeli. Wanda zai sa ka tsaya cak shine in shebur ya fito da tukunya ko mutum-mutumin yumɓu ko ƙashi, wannan ya shiga dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979, ba a tono ba a sayarwa sai da izini, mun ga yadda aka wawushe kayan Nok a kudancin jihar nan. Irin wannan gidan tarihi da ke titin Ali Akilu zaka nufa dashi. Naka na yanzu kam riƙe abinka, ka wanke gindin kwanson nan da gefen kwabon da ke da shekara ka ɗauko min su da hasken tocila a kwance kamar yadda na faɗa, sannan ka juya ƙarfen mai santimita 7 ka ɗauki bayansa don hoton da ka turo fuskar ƙasa ce kawai.